Tifar Ma'adinai a Ƙasar da Ba Ta Narkewa

 Yau direbobi da kanikawa su matso kusa da rediyo, domin zancen na mota ne. Za mu leƙa can ƙuryar arewacin duniya, Saberiya ta ƙasar Rasha da arewacin Kanada, mu ga yadda manyan tifofin haƙar ma'adinai suke aiki a kan ƙasar da ta daskare tun dubban shekaru, da abin da yake kayar da su, da dabarun da ake yi don su kwana a kan ƙafafunsu.

Mu fara da ƙasar kanta. Akwai wani yanki a gabashin Saberiya da ake kira Yakutiya, girmansa ya ninka Najeriya fiye da sau uku. A can in ka ɗauki diga ka fara haƙa, ba za ka yi nisa ba za ka ci karo da tauri. Yashi ne da laka da tsakuwa, ƙanƙara ta ɗinke su wuri guda. Masana suna sa ƙasa a rukunin wadda ba ta narkewa idan ta shekara biyu a jere ɗuminta bai haura digiri sifili ba. Kusan kashi biyu cikin uku na faɗin Rasha a kan irin wannan ƙasa yake, kuma a yammacin Yakutiya akwai inda daskarewar ta nutsa kusan mita 1,500. Saman ne kawai, daga 'yan taƙi zuwa mita biyu ko uku, yake narkewa idan zafi ya shigo, ya zama taɓo, sannan ya sake daskarewa. Ku riƙe wannan saman a ranku, don yana da hannu dumu-dumu a labarinmu.

Sanyin wurin kuwa sai dai a ji a labari. A ƙauyen Oimiyakon an auna digiri 67.7 ƙasa da sifili a 1933. Digiri 45 ko 50 ƙasa da sifili a watan Janairu abin yau da kullum ne. Amma a garin Ferkoyansk na wannan yankin dai, a watan Yunin 2020, ma'auni ya kai digiri 38 na zafi, wanda ko mutumin Sakkwato zai nemi inuwa. Ke nan motar da za ta zauna a can dole ƙarfenta da robarta da manta su jure tazarar da ta kai digiri ɗari tsakanin wani wata da wani.

To me ya kai mutane? Dukiya. A 1955 masu binciken ƙasa na Tarayyar Sobiyat suka gano lu'ulu'u a wurin da ake kira Mir, har gari ya tashi a gefensa, Mirni. Kafin a daina haƙa ta sama a 2001, ramin ya kai zurfin mita 525, faɗin bakinsa mita 1,200. Can arewa da shi akwai ramin Udacni, wanda zurfinsa ya haura mita 600. Kamfanin ALROSA ne yake riƙe da su. A Norilsk ana haƙar nikel, a Neryungri kwal. A Kanada ma akwai ma'adinan lu'ulu'u na Ekati, wanda ya fara aiki a 1998, da Diavik a 2003.

Duk abin da aka fasa a ƙasan irin wannan rami, mota ce take fito da shi, ta hanyar da ke kewaya bangon ramin tana hawa. Ta Mir ta kai kusan kilomita 8. Masu ƙera motocin sanannu ne: BelAZ na garin Zodino a Belarus, Caterpillar na Amurka, Komatsu na Japan. Wadda ake ɗauka matsakaiciya a cikinsu tana ɗaukar tan 130. Babbar yayarsu, BelAZ 75710 da aka fito da ita a 2013, tan 450 take ɗauka, da injin biyu da taya takwas, kowace taya tsayinta kusan mita 4, nauyinta ya haura tan 5. Ita wannan a ma'adinan kwal na Kuzbas aka kai ta, can kudu. Ba a tuƙo irin waɗannan motoci daga masana'anta. Gunduwa-gunduwa ake kawo su a haɗa a bakin rami. Da yawansu ma ba su da giyabos. Injin dizal yana juya janareta, janareta yana ba wa motocin lantarki da ke cikin ƙafafun baya wuta. In za a gangara, waɗannan motocin lantarkin ne suke riƙe nauyin, su mayar da gudun ya zama zafi, fanka ta watsar da shi.

Idan injiniyan ma'adinai ya ce mota abar dogaro ce, lissafi yake nufi. Awa nawa take yi tana aiki kafin ta tsaya? In ta tsaya, awa nawa gyaran yake ci? Cikin awannin shekara, nawa ne take a shirye? Shekara tana da awa 8,760. A ce mota tana shirye kashi 85 cikin ɗari, adadin da in ka ji za ka ce ba laifi. To ta yi asarar awa 1,314 ke nan, kusan kwana 55 tana ajiye. Kuma ba ita kaɗai take tsayawa ba. In ta mace a tsakiyar hawa da lodi a bayanta, na bayanta sun shiga layi, katafilar da ke loda su a ƙasa ta naɗe hannu, injin niƙa da ke sama yana jiran dutse.

(Kiɗa kaɗan)

Abin da sanyi yake fara kamawa shi ne mai. Dizal yana ɗauke da wani kaki narkakke a cikinsa. Kun san yadda man ja yake yi a kwalba da hunturu, ka tashi da safe ka tarar ya yi barci, sai an kai shi rana ko kusa da murhu? Haka dizal yake yi. Wanda aka tace don lokacin zafi, da sanyi ya ɗan sauka ƙasa da sifili sai ya fara yin gizo-gizo, kakin ya toshe filta, injin ya mutu da ƙishirwa alhali tanki cike yake. Shi ya sa Rashawa suke da dizal na musamman da ake amfani da shi har digiri 50 ƙasa da sifili. Ya fi tsinkewa, ya kusa zama kananzir, amma yana da nasa aibin: santsinsa kaɗan ne, saboda haka famfon mai da nozul sun fi saurin cinyewa sai an zuba masa sinadarin ƙara santsi. Ana kuma sa abin ɗumama tanki da filta. Direban da ya san aikinsa ba ya barin tanki rabi ya kwana, domin raɓar da ke taruwa a jikin tankin ta ciki za ta gangaro ta zama ƙanƙara a bututun mai.

Baƙin mai kuwa yakan yi kauri har ya ƙi gudu. In aka tayar da injin a haka, 'yan daƙiƙun farko ƙarfe ne yake gugar ƙarfe kafin man ya iso. Batir ma ƙarfinsa yana zubewa a sanyi daidai lokacin da aka fi bukatarsa, kuma wanda cajinsa ya yi ƙasa ruwansa na iya daskarewa ya fasa kwanon. Maganin da aka daɗe ana yi shi ne kada a kashe motar sam. Direba ya sauka, wani ya hau, injin yana ruri dare da rana. To amma barin injin dizal a sulo na tsawon awanni shi ma ciwo ne. Ba ya ɗaukar zafin da ya kamata, man ba ya ƙonewa duka, ragowar ya wanke santsin bangon silinda, ya gangara ya tsinka baƙin mai, baƙin hayaƙi ya taru a bawul. Gaba kura, baya siyaki. Shi ya sa ma'adinan da suka ci gaba suke sa wa motar ɗan murhun da yake ɗumama ruwan injin, ko su jona ta da lantarki, don a iya kashe ta ba tare da ta sandare ba.

Roba ita ma ba ta tsira ba. Tiyon haidirolik da yake lanƙwasuwa a hannu a ranar zafi, a digiri 50 ƙasa da sifili bushewa yake ya tsage. Shakazobar waɗannan motoci tulu ne na ƙarfe da aka cika da mai da iskar naitirojin. Idan sil ɗinsa ya taurare ya fara yoyo, gefe guda na motar ya zauna, sai nauyin tan ɗari da wani abu ya koma yana murɗa shasi a kowane rami da aka faɗa. Ƙaramin sil da za ka riƙe a hannu ɗaya shi ne yake jawo tsagewar da za a yi mako ana walda.

Wannan ya kawo mu kan ƙarfe, wanda shi ne abin tsoron gaske. A yanayi irin namu, ƙarfen da aka yi wa nauyi fiye da kima lanƙwashewa yake yi tukuna, ya ba ka alama, ka gani ka gyara. Amma kowane irin ƙarfe na gini yana da iyakar sanyin da in aka wuce ta yake daina lanƙwasa. Daga nan sai dai karyewa farat ɗaya, da ƙara, ba sallama. Duniya ta koyi wannan darasi da tsada a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da jiragen ruwan Amurka da aka haɗa da walda suka riƙa tsagewa a ruwan sanyi. A watan Janairun 1943 wani sabon jirgin dakon mai, Schenectady, ya dare gida biyu yana ɗaure a tashar Potland, ba guguwa ba abokan gaba. Wata masaniyar ƙarfe ta Jami'ar Kambirij, Constance Tipper, tana cikin waɗanda suka nuna cewa laifin yana ga irin ƙarfen, wanda yake canza hali idan ya yi sanyi.

Yau kafin a amince da ƙarfen da za a kai arewa, sai an yanko ɗan guntu, a yi masa tsaga, a sanyaya shi zuwa digiri 40 ko 60 ƙasa da sifili, a saki guduma mai lilo ta doke shi, a auna ƙarfin da ya sha kafin ya karye. Rashawa suna da tambari na musamman da suke sa wa injinan da aka ƙera don yankin sanyi, masu jure har digiri 60 ƙasa da sifili.

Ku kwatanta abin a idonku. Tsakar dare ne a ƙasan rami, a watan Janairu. Tifa ta ja da baya ta tsaya ƙarƙashin katafila. Cokalin katafilar ya ɗebo dutse da daskararriyar ƙasa, wani curin ya kai girman ƙaramar mota, ya sake shi daga sama cikin bodi. Duk motar ta girgiza, direban ya ji har a haƙoransa. Wannan duka yana neman wuri mafi rauni: bakin walda, ramin ƙusa, ko wani ɗan karce da ido ba ya gani. In akwai tsaga mai siririn gashi a wurin, a ranar zafi za ta yi wata da watanni tana rarrafe. A daren nan kuwa tana iya ratsa ƙarfen gaba ɗaya. Shi ya sa mai katafilar kirki yake fara shimfiɗa ƙananan duwatsu a bodi kafin ya saki manya, kuma yana sauke cokalin ƙasa-ƙasa. Shi ya sa kuma in sanyi ya wuce misali, wasu ma'adinan suke rage lodi ko su tsayar da aiki ɗungurungum. Mai walda shi ma ba ya ɗora wuta a kan ƙarfe mai sanyi. Sai ya gasa wurin tukuna, ya yi waldarsa, ya lulluɓe ta ta huce a hankali. Waldar gaggawa a fili ita ce irin da ake shukawa na karaya ta gaba.

Akwai wata dabara da ta burge ni. Ƙasa mai danshi in aka loda ta, kafin a kai sama ta manne a bodi ta daskare, a ɗaga a juye ta ƙi zuba, motar ta koma ƙasa da tan da yawa na kayan da ba a biya ta ba. Sai masu ƙira suka bi da hayaƙin salansa ta cikin haƙarƙarin bodin, zafin da da zai tafi a banza ya hana ƙasar kamawa.

(Kiɗa kaɗan)

Masu saurare, wanda ya ji wannan duka zai ɗauka da zafi ya shigo an huta. Ina! Tsananin sanyi yana da nasa alherin. Hanya takan yi tauri, taya tana gudu a kanta ba nutsewa. Ɗaya daga cikin manyan abubuwan da ke kashe manyan tayoyi a ƙasashe masu zafi shi ne ɗumin da suke tarawa a ciki, a can kuwa babu wannan. Injin ba ya tafasa. Wahalar wata iri tana zuwa ne a watannin Mayu da Yuni, sa'ad da saman nan da na ce ku riƙe ya fara narkewa. Ruwan ba shi da inda zai tsotse, don ƙarƙashinsa a daskare yake, sai ya tsaya ya mai da hanya kwaɓa.

Injiniyoyi suna da wani ƙiyasi: duk santimita ɗaya da taya ta nutse, kamar an ƙara wa hanyar hawan kashi 0.6 cikin ɗari ne. Hanyar rami takan yi hawan kashi 8, a ƙara kashi 2 na jan taya a kan hanya mai kyau, ya zama 10. In taya ta nutse santimita 5 kacal, ya koma 13. Motar nan tana ƙarin wahala kusan kashi ɗaya cikin uku, da lodi iri ɗaya a hanya ɗaya. Mai ya ƙaru, gudu ya ragu, motocin lantarkin ƙafa sun ɗau zafi. Ga ramuka masu murɗa shasi, ga duwatsu masu kaifi da suka ɓuya cikin ruwa, jiƙaƙƙiyar roba kuwa ta fi saurin yankuwa. A ramukan Mir da Udacni har da ƙarin masifa: ruwan da ke ɓulɓulowa daga zurfi gishiri ne da shi fiye da na teku nesa ba kusa ba, yana cin ƙarfe da wayoyi.

Saboda haka a ganina rabin lafiyar tifa a hannun mai gireda take. Ma'adinin da ya sayi motoci na miliyoyin daloli ya yi rowar kuɗin gyaran hanya, a gareji zai biya, da riba. Gina hanya a can ma akasin hankalinmu ne. Ba a kankare ciyawar sama, domin ita ce bargon da ke hana rana isa ga ƙanƙarar. Ana jibga manyan duwatsu masu kauri a kai, don ƙasan ya ci gaba da zama a daskare.

Gareji shi ma yana da nasa sharri. Bakanike ba zai iya riƙe sifana da hannu a digiri 50 ƙasa da sifili ba, fatarsa za ta manne, dole a shigar da motar ɗaki mai ɗumi. Da ta shiga sai ka ga jikinta ya yi fari fat da raɓa mai daskarewa, can kuma ta fara ɗiga. Sai an bar ta awanni ta saki jiki kafin a taɓa ta. Wannan danshi yana shiga cikin naɗin wayoyin janareta da akwatunan lantarki. In aka fito da ita bai bushe ba, ya daskare, ya kumbura, ya fasa rufin wayar. Kowace shiga da fita tana barin tabonta. Ginin garejin kansa, in aka dasa shi kai tsaye a ƙasa, ɗuminsa zai narkar da abin da yake zaune a kai, ya nutse. Shi ya sa gine-ginen Norilsk da Yakutsk suke tsaye a kan turaku, iska tana ratsawa ta ƙarƙashi, wasu kuma an kafa musu bututun da ke zuƙe zafi daga ƙasa.

Bayan haka kuma, iskar ramin ma takan tsayar da aiki. A ranakun sanyi marasa iska, iska mai nauyi takan kwanta a ƙasan rami ta riƙe hayaƙin motoci, hazo ya rufe, sai an dakata.

Sai batun safaya. Jirgin ƙasa ba ya zuwa Mirni. Kaya masu nauyi sukan biyo Kogin Lena daga Ust-Kut zuwa Lensk a 'yan watannin da kogin yake buɗe, daga nan a yi kusan kilomita 230 a mota zuwa Mirni, Udacni kuma sai an ƙara sama da kilomita 500. A Kanada, Ekati da Diavik sun dogara ne da wata hanyar ƙanƙara mai kusan kilomita 400, mafi yawanta a kan daskararrun tafkuna, wadda take buɗe kimanin wata biyu, Fabrairu da Maris. Tirela mai lodi ba ta wuce gudun kilomita 25 a awa a kanta, domin gudu yana tayar da igiyar ruwa a ƙarƙashi ta fasa ƙanƙarar. Cikin waɗannan makonni ake shigar da dizal da tayoyi da manyan kayan gyara na shekara guda. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mai kula da sito dole ya san tun bana taya nawa za su fashe baɗi, injin nawa za a sauke. Ba duba yake yi ba. Littafi ne: kowace tsayawa an rubuta ta, da ranar, da awannin injin, da sanyin da ake ciki, da abin da ya lalace. Ana ɗiban baƙin mai a kai ɗakin gwaji a ga garin wane ƙarfe ne a ciki, a gane abin da ke cinyewa tun bai buga ba. Siyasa ma takan shigo: a 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Yukren, Caterpillar da Komatsu suka dakatar da kai kaya Rasha, ma'adinan can suka ƙara karkata ga BelAZ da motocin Sin.

Yanzu kuma ga ɗumamar yanayi. Wani bincike da aka wallafa a 2022 ya nuna cewa tun daga 1979 yankin ƙuryar arewa yana ɗumama kusan sau huɗu fiye da matsakaicin duniya. Ga mai tifa wannan ba albishir ba ne. Watannin taɓo suna ƙaruwa, kwanakin hanyar ƙanƙara suna raguwa. A 2006 sanyi bai yi ƙarfi a Kanada ba, hanyar ta rufe da wuri, sai da aka koma jigilar kaya ta jirgin sama da tsadar gaske. A ranar 29 ga Mayun 2020 kuma wani tankin ajiyar dizal a Norilsk ya zauna ya fashe, kimanin tan dubu 20 na mai ya malala, mafi yawa cikin koguna. Kamfanin Nornickel, mai tankin, ya fara ɗora laifin a kan narkewar ƙasa, hukumar sa ido kuwa ta gano kurakuran gini da sakacin kulawa. Kotu ta ci tararsa rubul biliyan 146 a 2021.

Irin waɗannan manyan motoci suna aiki a kusa da mu ma, a ramukan yuraniyom na Arlit a Nijar da wurin fasa dutsen siminti na Obajana a jihar Kogi. A nan zafi da ƙura ne abokan gaba, lagireto da filtar iska da taya su ne suke fara kokawa. Kirana ga masu tifofi da tireloli da shugabannin gareji da ke saurarenmu shi ne, a buɗe wa kowace mota littafinta daga wannan makon. A rubuta ranar juye, da abin da ya lalace, da wata, da hanyar da aka bi, ko da yaron mota ne zai riƙa rubutawa. Wanda yake da tambaya ko ƙarin bayani, musamman kanikawan manyan motoci, ya aiko mana, za mu karanta a shiri na gaba.